Kusurwar Lissafi: Ɗigon da ya jefa mu cikin gonar mutane

A wannan makon za mu taɓa wani abu da yawancinmu muke ɗauka ƙarami, amma yana cin maki a jarrabawa, yana kuma iya ɓatar da mutum a hanya. Wato yadda ake juya awon kusurwa daga digiri da minti da sakan zuwa lamba mai ɗigo, da kuma yadda ake dawo da shi.

Bari mu fara da ba ku labarin yadda abin ya kunyata mu. A shekararmu ta farko a jami'a, wani malaminmu ya rubuta a allo cewa birnin Kano yana kan 12°00′ arewa, 8°31′ gabas. Ya ce kowane rukuni ya ɗauko waya ya nemo wurin a taswira. Mu a rukuninmu muna ji da kanmu, don haka ba mu tsaya tunani ba, muka buga 12.00 da 8.31. Alamar taswira ta tashi ta sauka can yamma da gari, a tsakiyar gonaki, babu Kurmi, babu Dala, babu ganuwa. Muka fara gardama, wani ya ce wayar ce ta lalace, wani ya ce malam ne ya yi kuskure a allo. Da malam ya leƙo ya ga abin da muka rubuta, tambaya ɗaya ya yi mana: "Minti nawa ne a cikin digiri ɗaya?" Muka ce sittin. Ya ce, "To, wa ya ba ku izinin raba shi gida ɗari?" Aji ya kwashe da dariya.

Abin da ya faru shi ne, 8°31′ ba 8.31 ba ne, 8.5167 ne. Bambancin da ke tsakaninsu 0.2067 ne na digiri. A ido ba wani abu ba ne, amma a daidai inda Kano take, digiri ɗaya daga gabas zuwa yamma ya kai kimanin kilomita 109 a ƙasa. Ke nan mun kauce da fiye da kilomita 22. Da a ce motar ɗaukar marasa lafiya muka tura wa wannan adireshi, ko masu haƙa rijiyar burtsatse, ai kun san ba dariya za a yi ba.

Daga ina sittin ta fito?

Duk wanda ya buɗe akwatin kayan lissafinsa ya san cewa da'ira tana da digiri 360, rabinta 180, kusurwar ɗaki kuma 90. To amma digiri ɗaya yana da girma ga mai auna taurari ko mai awon ƙasa. Saboda haka aka raba shi gida 60, aka kira kowane yanki minti. Aka sake raba minti gida 60, aka kira kowane yanki sakan. Ke nan a cikin digiri ɗaya akwai sakan 60 sau 60, wato 3,600. Alamar digiri ƙaramin zagaye ne (°), ta minti zane ɗaya a sama (′), ta sakan zane biyu (″).

Wannan ƙirga ta sittin-sittin gadon mutanen Babila ne, waɗanda suka rayu a ƙasar da ake kira Iraƙi a yau, shekaru dubbai da suka wuce. Me ya sa sittin ta daɗe haka? Ku gwada da kanku. Lambobin da ke raba 60 ba tare da saura ba su ne 1, 2, 3, 4, 5, 6, 10, 12, 15, 20, 30 da 60, guda goma sha biyu ke nan. Ɗari kuwa, duk da girmanta, guda tara kawai gare ta: 1, 2, 4, 5, 10, 20, 25, 50 da 100. Ku raba 100 gida uku, za ku sami 33.333 har abada. Ku raba 60 gida uku, 20 ce cif. Ga mutanen da ba su da kalkuleta, wannan babban sauƙi ne.

Daga baya masanin taurari Batlamiyus, wanda ya zauna a Iskandariyya ta Masar a ƙarni na 2 miladiyya, ya yi amfani da wannan tsari a littafinsa da Larabawa suka fassara suka kira Almajisti. Malaman Bagadaza suka ci gaba da shi. A zamanin halifa Ma'amun, wanda ya yi mulki daga 813 zuwa 833, an tura masana cikin sahara domin su auna tsawon digiri ɗaya a doron ƙasa. Su kuma malaman Turai da suka rubuta da Latin sai suka kira rabon farko "pars minuta prima", wato ƙaramin yanki na farko, rabo na biyu kuma "pars minuta secunda". Daga nan minti da sakan suka samo sunayensu.

Akwai wani ɗan ruɗani da ya shafe mu mu Hausawa. A Larabci, "daƙiƙa" minti ce, sakan kuma "saniya", ma'ana ta biyu. Amma da kalmar daƙiƙa ta shigo bakinmu, da yawanmu sakan muke nufi da ita. Don kada mu rikita juna, a wannan darasi minti da sakan kawai za mu riƙa cewa. Kuma ku lura, mintin kusurwa ba mintin agogo ba ne. Sunansu ɗaya, kakansu ɗaya, amma ɗaya yana auna buɗewar kusurwa, ɗaya yana auna lokaci. Can ƙasa za mu ga inda suke haɗuwa.

Daga minti da sakan zuwa ɗigo

Ƙa'idar ba ta da wuya. Digiri ku bar shi yadda yake. Minti ku raba shi da 60. Sakan ku raba shi da 3,600. Sannan ku tara ukun wuri ɗaya.

Mu fara da mai sauƙi: 47°18′. Digiri 47 yana nan. Minti 18 a raba da 60 ya ba mu 0.3. Amsa ita ce 47.3°. Kun ga ko kaɗan ba ta yi kama da 47.18 ba.

Mu ɗauki wanda ya haɗa duka ukun. Ɗakin Ka'aba a Makka yana kan 21°25′21″ arewa da layin Ikwaita. Minti 25 a raba da 60 ya ba mu 0.416667. Sakan 21 a raba da 3,600 ya ba mu 0.005833. Idan muka tara 21 da 0.416667 da 0.005833, za mu sami 21.4225. Wannan ita ce lambar da za ku gani idan kun taɓa wurin a taswirar waya.

Akwai hanya ta biyu ga wanda ya fi son hawa tsani daga ƙasa. Ku fara da sakan: 21 a raba da 60 ya zama 0.35 na minti. Ku haɗa da minti 25, ya zama 25.35. Ku sake raba wannan da 60, ya zama 0.4225 na digiri. Ku ɗora a kan 21. Amsar dai ɗaya ce. Amfanin wannan hanya shi ne lamba ɗaya kawai kuke buƙatar riƙewa a ka, wato 60, kuma ba a cika samun dogayen lambobi a tsakiya ba.

Shawararmu a nan: kada ku yi gaggawar yanke lambobin bayan ɗigo tun lissafi bai ƙare ba. Wanda ya mayar da 0.416667 ta zama 0.4 tun a tsakiyar aiki ya zubar da minti guda cur. Ku riƙe aƙalla gurbi biyar ko shida, sai a ƙarshe ku taƙaita zuwa yadda tambaya ta nema.

Daga ɗigo zuwa minti da sakan

Yanzu kuma mu juya. Tunda da rabawa muka je, da ninkawa za mu dawo. Lambar da ke gaban ɗigo ita ce digiri, a ajiye ta gefe. Abin da ke bayan ɗigo a ninka shi sau 60. Cikakkiyar lambar da ta fito ita ce minti. Idan akwai saura bayan ɗigo, a sake ninka shi sau 60, wannan shi ne sakan.

Misali, 15.675°. Mun ajiye 15. Muka ninka 0.675 sau 60, muka sami 40.5. Minti 40 ke nan, da saura 0.5. Muka ninka 0.5 sau 60, muka sami 30. Amsa: 15°40′30″.

Mu koma Makka. A gabas da layin Girinwich, Ka'aba tana kan kimanin 39.8262°. Mun ajiye 39. Muka ninka 0.8262 sau 60, ya ba mu 49.572, wato minti 49. Sauran 0.572 sau 60 ya ba mu 34.32, wato kimanin sakan 34. Amsa: 39°49′34″.

Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne ninka lambar gaba ɗaya, har da digirin. Wani kuma idan ya sami 49.572 sai ya ɗaga ta zuwa 50, sannan ya sake ninka 0.572 ya fitar da sakan. Ya ci abu ɗaya sau biyu ke nan. Idan za ku ci gaba zuwa sakan, minti 49 ne. Sai idan tambaya ta ce a tsaya a minti mafi kusa, nan ne 49.572 za ta zama 50.

Ga wani tarko. Ku gwada 10.99999°. Za ku sami minti 59 da sakan 59.964. Idan kun ɗaga sakan ɗin zai zama 60. To, babu wanda ke rubuta 10°59′60″ a matsayin amsa, kamar yadda agogo ba ya nuna ƙarfe 10 da minti 60. Sakan 60 minti ɗaya ne, ya haɗu da 59 ya zama minti 60, wanda shi kuma digiri ɗaya ne. Amsar ita ce 11°00′00″. Duk lokacin da kuka ga minti ko sakan ya kai 60 a amsarku ta ƙarshe, to aikin bai ƙare ba.

Abubuwan da ya kamata su zauna a ka

Ba kowane lokaci ake buƙatar biro ba. Minti 30 rabin digiri ne, 0.5. Minti 15 rubu'i ne, 0.25. Minti 45 shi ne 0.75. Minti 20 sulusi ne, 0.3333. Minti 6 kuma shi ne 0.1 cif, don haka 12′ ya zama 0.2, 18′ ya zama 0.3, haka har zuwa 54′ da yake 0.9. Idan kun buɗe littafin jadawalin nan da muke kira fo-figa, ku duba shafin sin ko cos, za ku ga kawunan layukan suna tafiya shida-shida: 0′, 6′, 12′, 18′. Dalilin ke nan. Kowane tsalle ɗaya bisa goma ne na digiri, sannan a gefe aka ware ɗan bambancin minti 1 zuwa 5.

Wannan haddar tana ba ku damar kama kuskure tun kafin ya yi nisa. Da a ce mun tsaya mun yi tunani a ranar nan, da mun ce: minti 31 ya ɗara rabin digiri kaɗan, ke nan dole lambar ta wuce 8.5. Ganin 8.31 kaɗai ya isa ya tsayar da mu. Ku saba da wannan tambaya kafin ku danna kalkuleta: mintin nan ya kai rabi ko bai kai ba?

Ku kuma dubi abin da ruɗanin ke yi a tambayar jarrabawa. Sin na 30.5° shi ne 0.5075. Sin na 30°50′ kuma 0.5125. Wanda ya ɗauka 30.5 da 30°50′ abu ɗaya ne, amsarsa za ta kauce tun daga layin farko, kuma duk abin da ya gina a kai zai bi ta. A tambayoyin zaɓi, masu tsara jarrabawa sun san irin kuskuren da ɗalibai ke yi, shi ya sa sau da yawa za ku tarar da amsar kuskuren tana zaune cikin zaɓuɓɓukan tana jiran mai gaggawa.

Tarawa da ɗebewa: aron sittin ne, ba na goma ba

A firamare an koya mana cewa idan lamba ta kasa, a aro ɗaya daga maƙwabciyarta ya zama goma. A nan ma ana aro, sai dai abin da aka aro sittin yake zama.

A ce alwatika tana da kusurwa biyu, 38°47′35″ da 21°36′50″, aka ce mu nemo ta uku. Da farko mu tara kowane jinsi da ɗan'uwansa. Digiri: 59. Minti: 83. Sakan: 85. Sakan 85 minti ɗaya ne da sakan 25, don haka minti ya koma 84. Minti 84 digiri ɗaya ne da minti 24, don haka digiri ya koma 60. Jimla: 60°24′25″.

Yanzu za mu ɗebe wannan daga 180°. Amma 180 ba ta da minti ko sakan da za a ɗebe daga ciki. Sai mu yi mata canji, kamar yadda ake canza naira dubu kafin a ba da ɗari biyu. Mu ciro digiri ɗaya mu mayar da shi minti 60, ta zama 179°60′. Mu ciro minti ɗaya mu mayar da shi sakan 60, ta zama 179°59′60″. Darajarta ba ta canza ba, 180 ce dai. Yanzu ɗebewa ta yi sauƙi: 179 a cire 60 saura 119, 59 a cire 24 saura 35, 60 a cire 25 saura 35. Kusurwa ta uku ita ce 119°35′35″.

Haka rabawa take. Rabin 37°15′ nawa ne? Rabin 37 shi ne 18, saura digiri ɗaya. Wannan digirin ya sauko ya zama minti 60, ya haɗu da 15 ya zama 75. Rabin 75 shi ne 37, saura minti ɗaya, wanda ya sauko ya zama sakan 60, rabinsa 30. Amsa: 18°37′30″.

Inda mintin kusurwa ya haɗu da na agogo

Kun taɓa tambayar kanku me ya sa mutanen Maiduguri suke shan ruwa da azumi, alhali a Sakkwato rana tana nan ba ta faɗi ba, kuma agogonsu ɗaya? Darasinmu na yau yana da amsar.

Duniya tana juya digiri 360 a cikin awa 24. Ke nan digiri 15 a awa ɗaya, ko kuma digiri ɗaya a cikin minti 4 na agogo. Idan digiri ɗaya minti 4 ne na agogo, wato sakan 240, to mintin kusurwa ɗaya zai zama sakan 4 na agogo.

Maiduguri tana kan kimanin 13°09′ gabas, Sakkwato kuma kimanin 5°14′ gabas. Ba za a iya cire 14 daga 9 ba, sai an yi aro: 13°09′ ya zama 12°69′. A cire 5°14′, saura 7°55′. Digiri 7 sau minti 4 ya ba mu minti 28. Mintin kusurwa 55 sau sakan 4 ya ba mu sakan 220, wato minti 3 da sakan 40. Jimla: minti 31 da sakan 40. Idan muka bi ta hanyar ɗigo, 7°55′ shi ne 7.9167, sau 4 ya ba mu 31.67. Ku lura, 31.67 ba minti 31 da sakan 67 ba ne, 0.67 sau 60 ne zai ba ku sakan 40 ɗin. Ke nan rana tana kaiwa tsaka a Maiduguri fiye da rabin awa kafin ta kai a Sakkwato. Lokacin faɗuwarta yakan ɗan ƙaru ko ya ragu a kan haka gwargwadon yanayin shekara, tunda Sakkwato ta ɗan fi Maiduguri zama arewa, amma tushen bambancin shi ne wannan 7°55′.

Wannan dabara tana aiki a duk lissafin lokaci. Idan an ce mota ta yi tafiyar awa 1.75, awa ɗaya ce da minti 45. Idan an ce awa 2 da minti 20, kuma kuna son raba nisa da lokaci don samun gudu, 2.3333 za ku saka, ba 2.20 ba. Ɗalibai da yawa suna rasa maki a kimiyyar fizis ta wannan ƙofa.

Yamma da kudu: a kula da alamar ɗebewa

Tun taron da aka yi a Washinton a 1884, layin da ya ratsa Girinwich ta Ingila ne aka amince ya zama sifili wajen auna gabas da yamma. Wannan layi ya sauko har Afirka ta Yamma, ya ratsa ta garin Tema a Ghana. Nijeriya gaba ɗayanta tana gabas da shi, tana kuma arewa da Ikwaita, shi ya sa lambobinmu ba sa ɗaukar wata alama. Amma a tsarin ɗigo, duk wurin da ke yamma da Girinwich ko kudu da Ikwaita ana sa masa alamar ɗebewa a gaba.

Birnin Kumasi yana kan kimanin 1°37′ yamma. Ku fara juya shi kamar kullum: 37 a raba da 60 ya ba mu 0.6167, jimla 1.6167. Sai a ƙarshe ku manna alamar, ya zama −1.6167. Wanda ya buga −1 sannan ya tara 0.6167 a kalkuleta zai sami −0.3833, ya kauce da fiye da digiri guda. Alamar ta dukkan kusurwar ce, ba ta digiri kaɗai ba. Wanda kuma ya manta da ita gaba ɗaya, ya tura kansa ɗaya gefen layin.

Nawa ne sakan ɗaya a ƙasa?

Wani zai ce, ai sakan ɗan mitsitsi ne, me zai hana a yi watsi da shi? Bari mu auna. Kewayen duniya kimanin kilomita 40,000 ne. A raba da 360, digiri ɗaya daga kudu zuwa arewa ya zama kimanin kilomita 111. A raba da 60, minti ɗaya ya zama kimanin kilomita 1.85; daga nan ne ma aka samo mil ɗin da matuƙa jiragen ruwa da na sama ke amfani da shi, mai mita 1,852. A sake rabawa da 60, sakan ɗaya ya zama kimanin mita 31. Fulotin da muka saba ji, mai ƙafa 50 da ƙafa 100, tsawonsa mita 30 ne da rabi. Ke nan kuskuren sakan ɗaya tak ya isa ya fitar da mutum daga fulotinsa ya shigar da shi na maƙwabci.

A tsarin ɗigo ma haka ne: 0.1 na digiri kimanin kilomita 11 ne, 0.01 ya ɗan wuce kilomita ɗaya, 0.001 mita 111, 0.0001 mita 11, 0.00001 kuma ya ɗan wuce mita ɗaya. Shi ya sa idan kuka kwafi lambobin wuri daga taswirar waya za ku gan su da dogon jela. Idan za ku tura wa wani, kada ku datse ta.

Idan akwai takardar awon fili a gidanku, ku roƙi Baba ya nuna muku. A jikin layukan iyaka za ku ga an rubuta nisa da mita, an kuma rubuta fuskar da layin ya dosa da digiri da minti. Mai awon da ya ɗauki 30°50′ a matsayin 30.5° ya kauce da minti 20, kuma a tsawon kilomita ɗaya wannan ya kusa mita 6 a gefe. Mun san yadda rigimar iyaka take raba zumunci a garuruwanmu kan abin da bai kai haka ba.

Kalkuleta fa?

Yawancin kalkuletocin kimiyya, irin su Casio da muke riƙewa, suna da maɓalli mai alamar °′″. Ku buga 21, ku danna shi, ku buga 25, ku danna shi, ku buga 21, ku sake danna shi, sannan ku danna alamar daidai. Idan kun ƙara danna maɓallin, zai juya muku amsar tsakanin ɗigo da minti da sakan. Amma ku tabbata ƙaramin harafin D yana saman fuskar kalkuletar kafin ku nemi sin ko cos. Idan R ne ko G, wani ma'aunin daban take amfani da shi, kuma amsar ba za ta yi daidai ba. Hanya mafi sauri ta dubawa ita ce ku nemi sin na 30. Idan ba ta ba ku 0.5 ba, ku gyara.

Duk da haka muna roƙonku ku koyi yin aikin da hannu. A ɓangaren rubutu na jarrabawa ana ba da maki a kan matakan aiki, ba a kan amsa kaɗai ba. Kuma mu ganau ne: wayar da muka riƙe a ranar nan ba ta yi kuskure ba, inda muka ce ta je nan ta je.

Gwajin wannan mako

Ku ɗauki takarda ku gwada waɗannan, ku fara da hannu, sannan ku tabbatar da kalkuleta.

1. Maiduguri tana kan kimanin 11°50′ arewa. Ku rubuta wannan da ɗigo, zuwa gurbi huɗu.

2. Ku mayar da 9.0725° zuwa digiri da minti da sakan.

3. Alwatika tana da kusurwa 52°18′40″ da 67°55′35″. Nawa ce ta uku?

4. Da lambobin Kano da Maiduguri da muka bayar a sama, minti nawa da sakan nawa rana take rigan kaiwa tsaka a Maiduguri kafin Kano?

5. Wani ɗalibi ya rubuta amsarsa ta ƙarshe 25°75′. Me ke damun wannan amsa, kuma yaya ya kamata ta kasance?

Wanda yake da waya a gida, ga ƙarin aiki: ya nemo lambobin ƙofar makarantarsu a taswira, ya juya su zuwa minti da sakan da hannunsa, sannan ya buga abin da ya samu ya ga ko alamar za ta dawo ƙofar. Idan ta sauka a gonar wani, ya san inda zai duba.

Za mu kawo amsoshin a mako mai zuwa in Allah ya kai mu, tare da sunayen makarantun da ɗalibansu suka fara aiko da amsa daidai. A nan ne kuma za mu shiga lissafin nisa tsakanin garuruwa biyu da ke kan layi ɗaya, wanda ba ya yiwuwa sai da abin da muka koya yau. Allah ya ba da sa'ar karatu, mu kwana nan.